Mama Biyu a Waya Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Rahila ba. Ko da na so in manta ma, mutanen unguwar Kamazou, inda aka yi bikin, sun ɗauki alkawarin ba za su bar ni ba.

A lokacin Injiniya ake ce mini. Ban karanta injiniyanci ba, ban taɓa gyara ko fanka ba, abin da na iya shi ne latsa waya da raina mutane. In na ga mutum yana tura waƙa daga waya zuwa waya, ko yana yawo da katin memori a aljihu kamar ƙwayar magani, sai in taɓe baki in ce, "Har yanzu kuna can baya." Ni manhajar sauraron waƙa nake amfani da ita, irin wadda kake biya duk wata ka ji abin da kake so. Har da wani ɓoyayyen ilimi da nake taƙama da shi. In kana da waƙar da babu ita a manhajar, sai ka ajiye ta a laftof, ka haɗa laftof da waya a wayifai ɗaya, ka danna saukewa, ta tsallako cikin waya da kanta. (Na yi wa mutane wannan bayani a coci, a wurin mai shayi, har a gidan rasuwa. Babu wanda ya tambaye ni.)

Rahila 'yar cocinmu ce, tare muka tashi. Mahaifiyarta kafin ta rasu ita ce ke ba da waƙa a zumuntar mata, kuma abin da ya rage musu na muryarta kaset ɗaya ne tak, wanda aka ɗauka a wani taron mata tun Rahila tana firamare. Ana saura mako guda biki ta zo har ɗakina a unguwar Nasarawa da kaset ɗin a naɗe cikin ɗankwali.

"Injiniya, da waƙar Mama nake so in shiga hol," ta ce. "Ba za ta raka ni ba, to ko muryarta ta raka ni. Abu ɗaya ke nan na roƙe ka."

Na juye kaset ɗin a laftof, na sa wa fayil ɗin suna Mama, tunda haka ta kira shi. Ta ce in tura mata a waya ko in sa a filashi, saboda tsaro. Na yi mata irin dariyar da likita ke yi wa mai maganin gargajiya.

"Haba Rahila, filashi a wannan zamani? Zai lalata sautin. Ki bar wa masu abin abinsu."

To a nan sai na gaya muku abin da ban gaya wa Rahila ba. Tana da ƙanwa, sunanta na yanka Saratu, amma da yake sunan kakarsu aka sa mata, babu mai kiran sunan a gidan. Kowa Mama yake ce mata, har mahaifinsu, Baba Yohanna. Ni kuwa son yarinyar nan ya kama ni ya kayar, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Sai na yi abin da duk wani marar wayo yake yi, na tafi wani ɗan situdiyo a bayan kasuwa na rera mata waƙa. Ku sani fa, shugaban mawaƙan cocinmu ya taɓa roƙona da girman Allah in riƙa motsa baki kawai in ana waƙa. Amma mai situdiyo ya ce muryata tana da "wani abu". (Tana da shi kam.) Na kawo waƙar gida, da ita ma na fara gwada ilimin nan nawa na tsallakar da fayil zuwa waya. Sunan da na sa mata kuwa ba sai na faɗa ba.

Ana gobe biki da yamma na haɗa laftof da waya, na danna saukewa, na tafi guga. Kafin in gama hannun riga ɗaya aka ɗauke wuta, wayifai ya mutu. Na duba waya, na ga Mama guda biyu. Ɗaya rubutunta ya yi dishi-dishi, alamar ba ta sauka ba, ɗaya kuma tana nan ɓaro-ɓaro. Mai hankali zai danna ya saurara. Ni sai na ce ai manhaja ce ta maimaita suna, na kashe waya don in adana caji. Washegari na bar laftof da kaset a ɗaki na kulle, don Injiniya ba ya yawo da kaya kamar ɗan koli.

Hol ya cika maƙil. 'Yan zumuntar mata sun zauna a gaba da anko, kowace da tukunyar kiɗanta a gefe. Ga 'yan uwa daga ƙauye, ga abokan aikin Baba Yohanna na zamanin masaƙa, har da su Alhaji Sani daga Makera da babbar riga. Ga kuma rundunar nan da ba ta san ango ba, ba ta san amarya ba, shinkafa kawai ta sani. Na karɓi igiyar sifika daga hannun DJ ina wani ɗaga kafaɗa, na jona wayata.

MC ya ɗauki makirfo ya sassauta murya. "Jama'a, kowa ya miƙe tsaye. Amarya za ta shigo, kuma wadda za ta shigo da ita ita ce mahaifiyarta, da muryarta, daga inda take hutawa."

Tun kafin a ji komai mata suka fara share hawaye. Baba Yohanna ya cire hula. Rahila ta tsaya a bakin ƙofa da farar riga, ƙanwarta Mama tana riƙe mata jelar rigar. Na danna.

Kiɗan fiyano ya fara a hankali. Sai wata murya ta fito kamar an take wa akuya wuya: "Maaama... Maaama... tun da na rasa ki ba na barci..."

Abin takaici, ba a gane nan take ba. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu sama ta ce, "Wayyo, Allah ya ji ƙanta!" An ɗauka wani ne ya yi wa marigayiya waƙar ta'aziyya kafin tata ta shigo. Ni kuwa na yi wuf na rarumi wayar don in kashe waƙar. Allon waya ya kulle, na sa lambar sirri ta ƙi, na sake sawa ta ƙi, gumi ya jiƙa allon. Ganga ta shigo, muryar ta ƙara ƙarfi:

"Mama, idonki fitilar Keke, tafiyarki ta hana ni cin tuwo. Ko Baba ya sa kwaɗo a ƙofa, zan haura katanga in same ki!"

Hol ya yi tsit, in ka cire wani yaro da ya ci gaba da rawa. Don kada a bar kowa cikin shakka, sai ga muryata ba kiɗa, ina sanar da duniya: "Injiniya ne a kan layi, Nasarawa ta gaishe ku!" (Mai situdiyo ne ya ce duk manyan mawaƙa haka suke yi. Allah ya saka mini.)

DJ ya fizge igiya. Baba Yohanna ya tako a hankali har inda nake, hula a hannu. Bai lura makirfon MC yana kusa ba.

"Ɗana," ya ce, "matata kake haura wa katanga? Tun yaushe?"

"A'a Baba! Wallahi ba Mama babba ba ce, Mama ƙarama ce!"

Wato na gyara. Wata daga zumuntar mata ta ce, "Jesu!" Alhaji Sani ya ce, "Subhanallahi," ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Masu shinkafa kuwa, waɗanda ko sunan amarya ba su sani ba, su suka fi kowa ƙyaƙyatawa, har da masu ɗaga waya suna ɗauka.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya kashe ni shi ne da na ɗaga ido na ga Rahila. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi fushi ba, tana tsaye a bakin ƙofa tana jira, don ta ɗauka yanzu zan sa ta gaskiyar. Na duba waya. Ɗaya Mamar tana nan dishi-dishi, muryar tana kulle a ɗakina a Nasarawa. Na girgiza mata kai. Na ga lokacin da ta gane.

Mama ƙarama ce ta saki jelar riga, ta zo ta karɓi makirfo ba tare da ta ko kalle ni ba. Ta ja waƙar mahaifiyarsu da bakinta. Layi ɗaya ta yi matan zumunta suka amsa, tukwane suka ɗauka, Rahila ta shigo tana kuka. Kowa ya ce abin ya yi kyau, kuma ya yi. Amma ba shi ta roƙa ba.

Na kai wa Rahila kaset ɗin da waƙar a filashi bayan biki. (E, filashi.) Ta karɓa ta ce, "Na gode, Injiniya," kuma tun da nake ban taɓa jin sunan nan ya yi mini nauyi haka ba.

Baba Yohanna bai sake tayar da maganar ba. Sai dai da na bi ta layinsu bayan 'yan kwanaki, na tarar an jera fasassun kwalabe a kan katangar gidan, sabon siminti ko bushewa bai yi ba. Da Mama ta tashi aure, wani malamin makaranta ta aura, wanda wayarsa ko hoto ba ta ɗauka da kyau. An gayyace ni. A bakin hol Baba ya tare ni da fara'a, ya miƙo hannu, na miƙa nawa, ya ce, "A'a, wayar." A aljihunsa ta wuni.

Yanzu duk abin da zan ajiye a waya sai na sa masa cikakken suna, har da na uba da unguwa, kuma sai na saurara kafin in jona wa jama'a. Waƙa kuwa na koma bin shawarar shugaban mawaƙa, baki kawai nake motsawa.