Yadda Za Ka Raba Wa Malamai Aikinka Ka Zauna Ka Sha Fanka

Kai da aka ba shugabancin makarantar sakandare, ka samu ofis da fanka da kujera mai juyi, amma tun safe ake buga maka ƙofa, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, kafin zango ya ƙare babu mai ƙara damunka. Ba da ka nake magana ba. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya ya gwada su a makarantarsa, kuma sun yi aiki har sun wuce gona da iri.

Mataki na 1: Je ka taron bita

Ba koyo zai kai ka ba. Zauna a baya, ka sha ruwan sanyi, ka kasa kunne har ka tsinci kalma ɗaya mai nauyi. Yayana ya dawo da tasa: shugabancin haɗin gwiwa. Tun a mota ya yi ta maimaita ta har ta zauna masa a baki.

Mataki na 2: Tara malamai, ka marairaice

Kada ka ce ka gaji. Shugaba ba ya gajiya, sai dai ya yi hangen nesa. Yayana ya tsaya a ɗakin malamai, ya dafa ƙirji.

"'Yan'uwa, na tattara komai na riƙe ni kaɗai. Daga yau kowa shugaba ne."

Malamin wasanni, wanda ake kira Usur, ya fara tafi. Mataimakiyar shugaba kuwa, wadda ɗalibai suka sa wa suna Ba-Wasa, ta sauke tabarau ta dube shi.

"Ranka ya daɗe, wanne daga ciki ka riƙe?"

In aka yi maka irin wannan tambaya, yi tari, ka nemi ruwa. Kafin a kawo, maganar ta wuce.

Mataki na 3: Raba muƙami, kada ka ambaci aiki

In ka ce wa malamin lissafi ya tsara jadawalin darussa, zai ce bayansa na ciwo. Ce masa ka naɗa shi Babban Jami'in Tsara Lokaci. Washegari za ka gan shi da sabon biro a aljihu.

Haka yayana ya yi. Usur ya karɓi taron safe da horon makararru. Malamar kimiyya ta karɓi jarrabawa. Iyaye masu zuwa da fushi, da rufin da ke yoyo, da duk abin da ke sa hawan jini, aka miƙa wa Ba-Wasa. Ta karɓa ba ta ce uffan ba. A lura: shirun mataimakiya alama ce ta biyayya. Haka dai yayana ya fassara shi.

Mataki na 4: Koyi nuni da yatsa

Wata safiya wani uba ya banko ƙofar ofis yana huci, ɗansa na biye da shi, an kori yaron saboda ya tsallake katanga.

"Kai ne shugaba?"

"Dukkanmu shugabanni ne," in ji yayana, ya nuna ƙofa ta gaba. "Amma naka shugaban yana can."

Mutumin ya shiga wurin Ba-Wasa yana kumfar baki. Ya fito yana ba da haƙuri, kunnen ɗansa a hannunsa. Yayana ya ƙara wa fanka gudu.

Mataki na 5: Tsaya inda yabo zai same ka

Abin mamaki, makarantar ta gyaru. Malaman da aka saba yi wa umarni suka ga an sakar musu, suka zage dantse. Ƙararrawa ta koma bugawa a kan lokaci, rufi ya daina yoyo, sakamakon jarrabawa ya yi kyau. Kai naka shi ne zagaye sau ɗaya, hannu a baya, ka ƙwanƙwasa bango kamar mai duba lafiyarsa. In baƙi suka yaba, ce "mu ne muka yi," amma hannunka a kan ƙirjinka.

A gida ne kawai za ka samu matsala. Matar yayana ta gan shi ya miƙe a falo rana tsaka.

"Baban yara, kai fa kana riga 'ya'yanka dawowa daga makaranta. Anya?"

"Ke ba ki san shugabancin zamani ba."

Mataki na 6: Kada ka ba da aikin rabon kansa

Nan ka buɗe kunne. Abu ɗaya ya rage a hannun yayana: shi ke raba wa kowa aiki a farkon zango. Ya ga shi ma wahala ne, ya kira Ba-Wasa.

"Malama, wannan ma na bar miki."

"Ka tabbata, ranka ya daɗe?"

"Na yarda da ke."

Ranar rabon ta zo daidai da zuwan wani babban jami'in ilimi, wanda ya ji labarin makarantar ya zo ya gani da idonsa. Yayana ya zauna kusa da shi cikin sabbin kaya yana gyaɗa kai. Ba-Wasa ta gama da kowa, sannan ta juyo.

"Saura mutum ɗaya. Malamin labarin ƙasa na 'yan aji ɗaya ya yi ritaya. Muka tuna shugabanmu ma labarin ƙasa ya karanta, kuma yanzu yana da sarari. Jami'in Tsara Lokaci ya sa masa darasin farko, kullum."

Babban jami'in ilimin ya miƙe tsaye yana tafi.

"Shugaba da alli a hannu! Wannan sai na ba da labarinsa a ko'ina!"

Yayana ya duba ƙofa, ya duba taga. In ya ƙi, baƙon zai tambayi abin da yake yi tun safe. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Dama shawarata ce."

Mataki na 7: In ka faɗa, faɗa da murmushi

Rabon yayana da aji tun kafin gashinsa ya fara fari. Ya zo gidana yana sosa ƙeya, ya ari littafin labarin ƙasa na 'yata, wai zai duba ingancinsa.

Ranar farko ya shiga, yara suka miƙe suka gaishe shi. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malam, kai sabo ne a makarantar nan?"

Daga baya yayana ya ce mini ya ji tambayar har cikin ƙashinsa. Ya juya ga allo ya zana duniya, ta fito kamar ƙwai, aji ya fashe da dariya. Shi ma ya yi dariyar, ya goge, ya ce wanda ya fi shi ya fito. Rabin aji suka taso.

Yanzu ya san sunan kowannensu. Yana gunaguni kullum, amma da aka turo sabon malami, ya ce a ba shi wani ajin, waɗannan nasa ne. Matarsa ta koma ƙorafin littattafan yara sun cinye mata teburin falo.

Hattara

Ni tela ne. Ban taɓa shugabantar ko da layin shiga aji ba, kuma duk abin da na faɗa a bakin malamai na tsinta in sun kawo ɗinki. In ka bi matakan nan ka wayi gari da ƙurar alli a hannun riga, ba ruwana, kada ka zo shagona sai in awo ya kawo ka. In kuma ka haɗu da yayana, kada ka ce ni na ba ka labari. Ce masa kawai ya dawo da littafin, 'yata tana da jarrabawa.