Ƙarni da Sulken Langa-langa

"Ni fa ba karanta tarihi nake yi ba, tuna shi nake yi. Ka ambaci kowane yaƙi a duniyar nan, in gaya maka wanda ya fara harbi da wanda ya fara gudu."

Wannan ita ce gaisuwar Ƙarni, ɗan ajinmu a sashen tarihi na jami'a. Dalilin sunan biyu ne. Na farko, ba ya buɗe baki bai ce "a ƙarni na kaza" ba, ko da kuwa aron biro ya zo yi. Na biyu, mun zo makarantar mun tarar da shi, waɗanda suka riga mu ma sun ce haka suka tarar da shi. Kwas ɗaya ne ya riƙe masa wuya, Tarihin Duniya, wanda wani Dakta marar fara'a yake koyarwa. Mukan ce masa Dakta Ba-Ƙari, don ko rabin maki ya rage maka ka tsallake, sai dai ka dawo baɗi ka nema.

A bana kuwa Ƙarni ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa cewa ya gama. Har tsohuwa ta fara sanar da dangi. Ga dokar Dakta kuma a fili: wanda bai samu makin jawabin rukuni ba, ko zauren jarrabawa ba zai shiga ba.

Da aka rarraba mu, sai ƙaddara ta jefa ni rukuni na bakwai, ni da wata yarinya mai shiru-shiru da muke kira 'Yar Gaba, saboda kullum tana kujerar farko, da kuma gogan naku. Ranar da aka raba batutuwa bai zo aji ba. Washegari muka same shi a gindin bishiya yana yi wa sababbin ɗalibai bayanin yadda daular Rum ta faɗi, kai ka ce a hannunsa ta cika.

'Yar Gaba ta ce, "Yaya Ƙarni, an ba mu batu. Yaƙin..."

"Na sani."

"Ai ban faɗa ba."

"Ƙanwata, rukuni na nawa ne mu?"

"Na bakwai."

"To shi ke nan. Bara rukuni na bakwai mayaƙan Turai na tsakiyar zamani aka ba su, masu sulke da kwalkwali. Bara waccan ma haka. Na san Dakta kamar yunwar cikina. Mutumin da takalminsa ma bai sauya ba tun zuwana, shi ne zai sauya batu?"

Na ce, "Amma dai da ka saurara..."

"Yaro, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ku je ku yi 'yan rubuce-rubucenku. Ni zan kawo tarihi da ƙafarsa har cikin aji."

Batun da aka ba mu, mai karatu, shi ne Yaƙin Cacar Baka, zaman doya da manjan da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Na buɗe baki zan sake gwadawa, sai 'Yar Gaba ta take mini ƙafa. Da muka matsa gefe ta ce, "Mun faɗa, bai ji ba. Haƙƙinsa ya sauka daga wuyanmu." A ranar na fara tsoron masu shiru-shiru.

Mijin yayar Ƙarni mai walda ne, kuma shagonsa Ƙarni ya ja ni in zama shaida. Shagon cike da ƙyamaren ƙarfe da ragowar langa-langa. Ƙarni ya miƙe a tsakiya ya ware hannuwa, mai walda yana auna shi da tef kamar zai yi masa taga.

Mai walda ya ce, "Wato rigar ƙarfe kake so, daga wuya har idon sawu?"

"Sulke, Yaya. Sulke ake cewa."

"To, gwiwar fa? In yi mata malanƙwasa?"

"Jarumi ba ya durƙusa wa kowa!"

"An gama." Ya maƙale fensirinsa a kunne.

Ni na ji, Ƙarni kuwa bai ji kansa ba, don ya riga ya shiga bayanin yadda ake naɗa jarumi da takobi a kafaɗa.

Ranar jawabi da safe na koma shagon. Wallahi aiki ya yi kyau, in dai tankin ruwa ake nema. An naɗe Ƙarni da langa-langa an ɗaure da noti ta baya. Kwalkwalin tsohon bokiti ne da aka kifa, aka yanka masa 'yar tsaga ta gani, aka yi masa murfin fuska mai ɗagawa. Takobin kuwa wani dogon ƙarfe ne da ya rage daga ƙofar wani gida. Ya ɗaga murfin fuskar ya dube ni.

"Yaya ka gani?"

"Abin ba a magana."

"Yau Dakta zai san da wa yake zancen."

Matsala ta farko ta zo da tasi. Direba ya buɗe ƙofa, Ƙarni ya juya zai zauna, sai ƙafafu suka ce ba da su ba. Ya gwada ta gefe, ya gwada ta baya, ya ƙwarzane wa mutum fentin mota. Direba ya ja abarsa yana faɗin abin da ba zan maimaita ba.

Ƙarni ya juya wajen mai walda da ke tsaye a bakin shago. "Yaya, gwiwar ba ta lanƙwasuwa!"

"Kai ka ce ba ka durƙuso."

"Karin magana ce!"

"Ni mai walda ne, ba a ba ni aiki da karin magana."

Dole aka tsayar da a-kori-kura, aka ɗora jarumi a baya a tsaye, ya riƙe ƙarfen bayan direba, ni ina riƙe da shi. Sai kuma abin ya yi masa daɗi. Yara suna ihu, masu shaguna suna leƙowa, shi kuwa yana ɗaga musu takobi kamar ya ci gari da yaƙi. Yana cikin ce mini, "A ƙarni na sha biyu, haka ake shiga..." sai motar ta faɗa wani rami. Bokiti ya daki ƙarfe, ƙwam! Murfin fuska ya faɗo ya rufe, gefensa ya lotsa. Na ja, na girgiza, na sa mabuɗin ɗakina na banƙara. Ko motsi.

Daga nan muryarsa ta koma ta kwaɗo a cikin randa.

A ƙofar makaranta mai gadi ya tare mu. Ya zagaya Ƙarni, ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa da sanda.

"Kayan wane ofis ne wannan?"

Na ce, "Baba, ɗalibi ne."

"Katin shaida."

Katin yana aljihun wando, wando yana cikin sulke, sulke yana ɗaure da noti. Mai gadi ya kunna fitilar wayarsa ya leƙa ta tsagar bokiti.

"Ido biyu kawai nake gani, kuma duk sun yi ja. Ba zan bar ido ya shiga makaranta ba kati ba."

Nan Ƙarni ya fusata. Daga cikin bokiti aka fara jin gunaguni, wai ko a ƙarni na sha uku ba a tare jarumi a ƙofar ganuwa. Mai gadi ya kasa kunne, sai ya ja da baya yana dariya.

"Au, Ƙarni ne? Wuce, wuce. Wannan surutun tun ina sabon ɗauka nake jin sa."

Ajinmu yana hawa na biyu. Ƙarni ya tsaya a gindin matattakala, ya ɗaga ƙafar dama, ta tafi gaba ɗaya kamar muciya, ta dawo. Rana ta riga ta gasa langa-langar nan, gumi yana ɗiga ta idon sawunsa har ya jiƙa siminti. Na roƙi wasu ƙarti 'yan sashen wasanni, suka kwantar da shi suka saɓa a kafaɗa. Muna hawa, wata mai shara ta gan mu ta dafe ƙirji tana salati, ta ce Allah ya jiƙansa. Bokiti ya amsa mata da cewa da ransa. Matar ta yar da tsintsiya ta arce.

Muka shigar da shi aji muka jingina shi da allo, sannan muka daidaita shi ya tsaya da ƙafarsa. Ajin duka ya zuba masa ido. 'Yar Gaba tana tsaye da takardunta, ko murmushi babu. Dakta Ba-Ƙari ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

Ƙarni ya buga takobi a ƙasa, ya fara jawabin da ya kwana biyu yana haddacewa. Abin da ya iso kunnenmu dai shi ne "bum-bum-bum jarumai, bum-bum dawaki".

Dakta ya ce, "Rukuni na bakwai, wane ne a cikin tukunyar nan?"

"Ƙarni ne, Dakta."

"Haba, biri ya yi kama da mutum. Ke, tuna mini batunku."

"Yaƙin Cacar Baka, Dakta."

Bokiti ya juyo a hankali, ƙiiiii, ya fuskanci 'Yar Gaba. Wannan karon kowa ya ji abin da ya fito.

"Na'am?"

Dakta ya ce, "Bana na juya jerin batutuwan. Da ka zo aji da ka ji. Allah ya ba ka batun da ya dace da kai a duk tarihin duniya, yaƙin da baki ne makaminsa, kai kuma ka je ka toshe bakin da bokiti."

Ajin ya fashe. Wani a baya har da faɗowa daga benci. Na ce a raina yau mun shiga uku, zai kore mu gaba ɗaya. Amma Dakta ya tashi ya zagaya Ƙarni yana shafa haɓa.

"Ke, me ake kiran iyakar da ta raba Turai gida biyu a wancan zamanin?"

"Labulen Ƙarfe, Dakta."

"Madalla. Ga shi Allah ya kawo mana. Ku ɗauke shi ku kafa a tsakiyar aji."

Aka ja Ƙarni aka kafa shi a hanyar da ke tsakanin benci. Dakta ya ce na hagu su ne Gabas, na dama su ne Yamma, kada wanda ya ƙetara. Muka fara jawabi. 'Yar Gaba ta ɗauki tseren makamai, ni na ɗauki tseren zuwa sararin samaniya. Duk sanda muka ce "labule", sai mu nuna shi, aji ya juya ya dube shi. 'Yan Gabas suka fara jefa wa 'yan Yamma takarda ta saman kansa. Wani shaiɗani ya rubuta masa "a rushe" a gadon baya da alli.

Ƙarni ya ga maki yana wucewa ta gabansa. Ya yi gyaran murya, bokiti ya amsa.

"Dakta, ina da ƙarin bayani. A ƙarni na..."

"Shiru. Labule ba ya magana."

Aka ci gaba. 'Yar Gaba ta iso ƙarshe, tana bayanin katangar Berlin da yadda jama'a suka taru a kanta a shekarar 1989. Ƙarni ya ga in bai yi wani abu yanzu ba, shi ke nan. Sai ya yanke shawarar ɗaga hannu kamar kowane ɗalibi mai ladabi. Ya manta a hannun akwai takobi, a saman kansa kuma akwai fanka tana gudu.

Ƙararrr! Fanka ta fizge takobi. Jarumi ya yi baya, ya yi gaba, ya nemi gwiwar da zai tare kansa da ita, babu. Daidai lokacin da 'Yar Gaba ta ce, "A nan ne katangar ta faɗi," Ƙarni ya zube gaba ɗayansa, rigijib, kamar motar kwanuka ta kife.

Ba wanda ya shirya abin da ya biyo baya. 'Yan Gabas suka tsallake shi da gudu, 'yan Yamma suka tarbe su, ana rungume-rungume ana tafi. Shi kuwa yana kwance rigingine yana wutsil-wutsil da hannu kamar buzuzu. Na waiga na ga abin da ba a taɓa gani ba a sashen nan: Dakta Ba-Ƙari ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa.

Da ƙura ta lafa, aka samo ƙarfen cire taya daga motar wani malami aka banƙare bokitin. Kan Ƙarni ya fito yana tururi, fuska duk tsatsa. Dakta ya share hawaye ya buɗe rajista, ya ce ni da 'Yar Gaba mun samu makin da bai taɓa ba kowa ba.

Daga ƙasa, cikin wata 'yar siririyar murya da ban san Ƙarni yana da ita ba, aka ce, "Dakta, ni fa?"

"Kai wa?"

"Ai da ni aka yi. Ni ne labulen. Ni ne ma katangar."

"Gaskiya ne, kuma ban taɓa ganin wanda ya faɗi a kan lokaci kamarka ba. Sai dai maki na masu jawabi ne. Kayan koyarwa ba a ba su maki, sito ake kai su a adana."

Ya rufe rajista ya nufi ƙofa. Har ya sa ƙafa waje, sai ya juyo.

"Af, ka gaya wa wanda zai kwance ka ya bi a hankali, kada ya lalata. Baɗi ma akwai Yaƙin Cacar Baka, kuma tunda kana nan, ba sai mun nemi wani labulen ba."