Falon da Ba a Fita

Wani ne nan Kaduna, ɗan Hayin Banki, aikinsa tsara manhajar waya. Irin mutanen nan ne da ke zama su yanke inda za a sa maɓalli, da launin da zai ja ka ka danna, da yadda za ka ɗauki waya don duba abu ɗaya ka ɗago kai ka ji ana kiran la'asar. Ya iya aikinsa, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba.

To yana neman auren Nusaiba, 'yar Alhaji Tanko na Badarawa, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Ranar da ya je gaisuwa, Alhaji ya ce, "Yaro, mece ce sana'arka?"

Ya ce, "Baba, ina tsara yadda mutum zai ji daɗin amfani da manhaja."

"Nuna mini."

Ya miƙa waya. Alhaji ya juya ta gaba, ya juya ta baya.

"Kai ka ƙera ta?"

"A'a, Baba."

"Kai ke gyarawa in ta lalace?"

"A'a, Baba."

"To ni ban ga komai ba. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da aikinsa ke ɓacewa in caji ya ƙare ba."

Gogan naka bai yi wata-wata ba, ya ajiye aiki, ya buga sabon kati: mai tsara adon cikin gida. A ganinsa duk abu ɗaya ne, ɗaki ma ai fuskar waya ce, girma kawai ya fi ta. Ya koma ya roƙi Alhaji ya ba shi falon baƙi ya nuna hannunsa.

Alhaji ya ce, "Na ba ka. Ni dai baƙona ya ji daɗi. In na ga aiki da idona, ka turo manyanka."

Kafin ya taɓa komai sai da ya yi bincike, wai haka ƙa'ida take. Ya raɓe a lungu yana kallon baƙi. Sai ya ga mutum zai shigo, ya gaisa, ya kurɓi ruwa, ya dubi agogon bango, ya ce "Bari in koma." Hankalinsa ya tashi. A tsohon aikinsa, wanda ya shigo ya fita da wuri asara ce, har taro ake kira a kai.

Nan ya naɗe hannun riga. Ya cire agogo. Ya kawo kujeru masu laushi, waɗanda in ka zauna sai an kama hannunka za ka tashi. Kowace kujera da soket ɗin caji a gefenta. Ya haɗa sola, ya sa fanka, ya sa talabijin da in shiri ya ƙare wani ke farawa da kansa. Banɗaki a ciki, buta a ciki, darduma a ciki. Ƙofar shiga ya yi ta faffaɗa, amma mariƙinta ta waje kaɗai. Ta fita kuwa ya ɓoye ta cikin katakon adon bango, launi ɗaya, ko layi ba ka gani.

Kafintan da ya ɗauko ya ce, "Oga, ta ina za a fita?"

Ya ce, "Ka taɓa ganin manhajar kirki ta sa maɓallin fita a fili?"

Ko ka yi sa'a ka laluɓo ƙofar, labule uku ne a gabanka. Na farko an rubuta "Tun yanzu?" Na biyu, "Alhaji zai yi kewarka." Na uku, "Ka tabbata?" Wane mai kunya ne zai ɗaga na uku?

Da ya gama ya ce, "Baba, yanzu lokacin gwaji ne. Mai tsarawa ba ya kusantar wuri, kar ya ɓata sakamako." Ya ɗauke ƙafa ɗif, ko zance bai zuwa. Nusaiba ta kira, ya ce ta yi haƙuri, ana tattara bayanai.

Baƙon farko Malam Shu'aibu ne, maƙwabci, ya kawo goron gayyatar suna. Ya gaisa, ya miƙe da kyar. Alhaji ya ce, "Bari in taka maka." Suka shafa bango daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ƙofa ɗaya suka samu mai buɗuwa, ta cikin gida, inda namiji baƙo ba ya bi. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Af, saurin me kake yi? A ƙaro shayi!" An ce har aka yanka ragon sunan, Malam Shu'aibu na nan kan kujera.

Haka aka yi ta shigowa. Mai neman aiki, mai ta'aziyya, mai kawo takardar wuta. Baƙo na jin nauyin ya ce ina ƙofa, mai gida na jin nauyin ya ce bai sani ba. Suka naɗa liman a cikinsu. Cikin waɗanda suka maƙale har da wani saurayi, Mubarak, injiniya daga Mando, ɗan aminin Alhaji, da ya biyo don ya gaida Baba a tsaitsaye. Nusaiba ce ke kawo abinci safe da yamma, shi kuma shi ke tashi ya karɓi tire.

Da gogan ya ga gwaji ya isa, ya sha shadda ya nufo Badarawa. Tun daga nesa ya hango takalma jibge a ƙofa kamar masallacin Juma'a. Daɗi ya kashe shi. Ya tarar da Alhaji a waje kan benci, ya zagayo ta ƙofar baya yana shan iska, ya rame.

"Baba, ka ga aiki? Ko mutum ɗaya bai fita ba!"

Alhaji ya ce, "Na gani da idona. Buhun shinkafata ma ya gani."

"To in turo manyan?"

"Wannan sai ka ji daga bakin mai ita."

Aka kira Nusaiba. Ta fito da lalle a hannu, ta gaishe shi a mutunce. Ta ce ita da Mubarak sun fahimci juna, manya sun shiga, dama mahaifinsa da ya zo nemansa yana ciki, aka gama magana a zaune.

Gogan ya dafe ƙirji. "Nusaiba! Don ke fa na bar aikina! Yanzu shi ke nan kin manta da ni?"

Ta ce, "Haba, wane irin mantawa? Kai za ka tsara mana ɗaki. Irin wannan nake so, wanda in namiji ya shiga ba ya fita."