Rasuwar Baƙa da Wanda Ya Juya Mata Fanka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani nauyi da na yi kwana tara ina ɗauke da shi ni kaɗai, ni Aina'u, matar Malam Mika'ilu na bakin rijiya, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kwamfutar gidanmu, wadda muke kira Baƙa. Ta cika ranar Talatar makon jiya, tsakanin azahar da la'asar, a shagonmu mai rufin kwano, bayan jinyar kwana huɗu.

Shekararta shida a hannunmu. Ta hannu muka sayo ta, don haka Allah kaɗai ya san shekarunta na gaskiya. Marigayiya ba ta da raki. Wutar sola ta ishe ta. Katin bikin rabin amaren ƙauyen nan daga cikinta ya fito, haka takardun neman aiki da na makaranta. In 'yata Raudatu ta kunna ta da safe, "ƙit" ɗaya take yi, sai ta kama "huuu" a hankali har yamma.

Ta bar allon kallo, wanda fuskarsa ta yi baƙi ƙirin tun ranar. Ta bar kibod mai gogaggun haruffa, da firinta, da Raudatu da ke share shagon kullum ta rasa abin yi.

Ciwon ya fara ranar Juma'a da rana. Muryarta ta koma "wiii" mai tsini, jikinta ya ɗau zafi, tana cikin aiki sai ta ɗauke. Mu kuma muka dinga tashinta, ta faɗi mu sake tashinta. Ranar Talata ta yi wani wari kamar an ƙona leda, ba ta ƙara motsi ba.

Malam ya ɗauko Kamaruddeen mai gyara daga Ungogo. Da ya buɗe cikinta ya ce, "Wa ya juya fankar nan? Ga kibiya a gefenta, ƙasa ya kamata ta kalla. Ko ɗaurin ma ba a ƙarasa ba."

Ƙanena Uwaisu, mai gyaran waya a kasuwar Dawakin Tofa, yana tsaye a bakin ƙofa. Shi ya duba ta mako guda kafin ciwon.

Malam ya ce, "Wa ke taɓa cikinta in ba gwani ba? Ga gwaninta mun gani."

Uwaisu bai kalli Malam ba, ni ya kalla. Ya ce, "Yaya, wallahi daidai na ɗaura ta."

Malam ya ce kada Uwaisu ya sake taka masa ƙofar gida. Yanzu maganar ta kai kasuwa, ana ce masa mai ƙona inji, masu kawo masa waya sun fara wucewa rumfar gaba. Jibi Asabar kuma Malam ya ce zai kai shi gaban mai unguwa.

To, ga abin da ya kashe Baƙa.

Ranar Alhamis, ana gobe ciwon zai fara, mun yi sussukar gero a bayan shago, ƙaiƙayi ya shiga ko'ina. Da safiyar Juma'a Raudatu ta tafi kitso, Malam yana gona. Na ɗauko sukudireban babur ɗinsa na buɗe ta, yadda na sha ganin Uwaisu yana yi. Na cire fankar na share ta da gashin kaza. A ƙarƙashinta akwai wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, shi ne mai ɗaukar zafi. Na tuna Uwaisu ya taɓa ce min kan ƙarfen nan fankar ke busawa. Sai na tsaya. Shekara talatin ina hura wuta. Duk macen da ta taɓa durƙusawa gaban murhu ta san in aka busa wa garwashi iska, ruruwa yake yi. Na ce a raina yaran yanzu ba su san wuta ba. Na kifa fankar don ta janye zafin waje, na rufe, har ina jin daɗin na yi mata gata.

Ranar da Kamaruddeen ya zo, na bi shi zaure da ruwan sha. Na ce, "Malam Kamaru, in ana busa mata iska, ba ƙara wuta za ta yi ba?"

Ya ce, "Hajiya, ai ba wuta ba ce a ciki, ƙarfe ne ya yi zafi. Kamar kunun yaro ne, fifita shi ake yi. Wannan fankar ta busa masa, wata fankar da ke baya ta kwashe zafin ta fitar. A ɗaki mai sanyi da ta jure, amma bazara ce, ga kwano." Ya daɗe yana kallona ta saman kofin, sannan ya miƙo min shi ya hau babur.

Malam, da kai nake. Na kasa faɗa maka baki da baki, shi ya sa na rubuta inda kowa zai gani, tunda a gaban mutane aka ci mutuncin ƙanena. Ni na juya fankar. Uwaisu, ka yafe wa Yayarka.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a zauren gidanmu. Mata su shigo ciki, akwai tabarma. Kafin a kai gangar jikin wajen masu sayen tsohon ƙarfe, za a ciro ma'ajiyar da ayyukan Raudatu suke ciki, kuma hannun Uwaisu ne kaɗai zai ciro ta. Na aika masa ya zo ƙarfe uku. Ya ce zai tsaya a gindin darbejiyar ƙofar gida, ba zai shigo ba sai wanda ya kore shi ya fito ya kira shi. Maganar mai unguwa kuwa, in dai sai an je, ni za a kai.

Gawar tana kan teburi, na lulluɓe ta da zanena. Nan za ta zauna, Malam, har ka fita gindin darbejiyar nan.