Mikiro Mai Doguwar Igiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zaɓi mikiro a kasuwar Tasawa ba, ko da yake na so in manta ɗin, mutanen garinmu Korgom ne suka hana ni.

Shekarar fari ce, zamanin soja. Gero ya bushe tun yana gwiwa, samari duk sun watse Kano neman abin da za su aiko gida. Ni kuwa (wata uku na yi a lakwal, makarantar boko, na gudo) wasiƙa ta fi ƙarfina, sai dabara ta zo mini. Ina da manyeto, rediyon nan mai kaset da wana ya bar mini. Na ce bari in riƙa ɗaukar muryar mutane, mai mota ya kai wa 'ya'yansu. Abin da ya rage shi ne mikiro, don a san da gaske nike.

Na je wurin Iliya, mai gyaran rediyo, wanda ke kula da lasifikar majami'arsu. Ya miƙo mini wani ɗan ƙarami kamar yatsa.

"Wannan ya ishe ka, malam. Ga araha, ga shi daidai da manyetonka."

Na ce, "Haba Iliya, wa zai faɗa wa wannan abin zuciyarsa? Ɗauko mini wancan."

Wancan ɗin wani ƙato ne, baƙi, mai kai kamar tumfafiya. Na zaɓe shi yadda nike zaɓen rago: na ɗaga na ji nauyi, na shafa, na duba wutsiya. Wutsiyar kuwa igiya ce ta kai taku goma.

Iliya ya ce, "Na tsohuwar lasifika ne, ban tabbata yana da rai ba. Kuma bakinsa bai dace da naka ba."

Na ce ya rage mini. Ya rage, yana girgiza kai.

Da na zo gida na tura bakin igiyar cikin ramin da ya karɓe ta (ashe ramin abin sa wa kunne ne). Na rungume manyeto a cinya, na ce "alo, alo," na mayar na saurara. Murya tas! Ban san manyeton yana da ɗan kunnensa a jiki ba, shi ne ya ji ni. Ƙaton kuwa gawa ce.

Wanda ya fara zuwa Baffa Jae ne, wani dattijo Bafillace da ke zaune bayan gari. Garkensa ya ƙare, saura shanu uku, matarsa Inna kuma tana kwance. Yana so ɗansa Sanda ya dawo daga Kano tun da sauran abin tararwa. Amma kun san kunyar Fulani. Ba zai ce yana cikin wahala gaban mutum ba.

Na ce, "Baffa, abin da ya sa na sayi mai doguwar igiya ke nan. Shiga ɗaki kai kaɗai, ka ja ƙofa. Ni ina waje da na'ura. Wallahi ba mai jin sirrinka, ko ni."

Ya shiga riƙe da mikiro da hannu biyu. Na danna, na zauna inuwa da abokina Na-Allah. Muka yi ta hirarmu har kaset ya ƙare. Na cika alkawari ban saurara ba, na ba mai mota ranar kasuwa.

Bayan sati uku sai ga Sanda. Bai wuce gida ba, ya tarar da mu majalisa ƙofar masallaci, har da ubansa. Ya gaida kowa, ya ce, "Kawu, ara mini manyetonka." Na miƙa ina hura hanci, na ɗauka yabo ne. Ya zaro kaset ɗin nan daga aljihu, ya saka.

Abin da ya fara fitowa ƙurus-ƙurus ne. Ni ne nike tauna ƙuli-ƙulin da na ɓoye wa iyalina a aljihu. Sai muryata, tas kamar ta mai labarai:

"Na-Allah, ka ga tsohon nan? Wallahi ba zai faɗa ba. Lafiya lau zai ce, shanu lafiya, kowa lafiya. Alhali dusa suke ci, Inna ba ta iya tashi, jan san nan sai an ɗaga shi da sanda."

Daga nan na kwaikwayi tafiyar Baffa, da baki. Na kwaikwayi sojan da ke rabon jar dawa, har da tsawarsa (da jandarma ya buɗe kaset ɗin a hanya, da ba ni ke ba ku labari ba). Na faɗi wanda ya shiga layin rabo sau biyu da hula daban-daban. Mutumin yana zaune kusa da ni. Muryar Baffa kuwa ko tari babu.

Sanda ya kashe. Ya ce, "Mu talatin muka saurara a masauki, Kawu. Sau huɗu."

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da na ji sauƙi. Na nemi inda zan sa idona na rasa, na tsaya kallon takalmin liman.

Baffa ya dubi ɗansa. "To me ya kawo ka, tunda ba ka ji ni ba?"

"Na ji Kawu, Baffa."

Tsohon ya ce, "Ni lafiya lau na ce." Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Sanda ya zo da buhun masara da magani. Inna ta tashi. Jan san bai kai damina ba, biyun sun kai. Baffa kuwa shekara guda bai amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar da ya fara amsawa, hannu ya sa ya rufe bakinsa, ya nuna ni, ya wuce.

Yanzu jikoki suna ɗaukar murya da waya, suna tambayata wane mikiro za su saya. Ina ce musu su saurari mai gyara, su sayi ƙaramin. Kuma kafin su rantse wa mutum ba mai jin sirrinsa, su tabbata ba su ne zaune kusa da na'urar ba.