Ranar da Na Tarbi Surukaina a Kamannin Dodo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da dangin mijina suka fara ganina ba. Ko na so in manta, su ba za su bar ni ba.

Sana'ata zane, shi na karanta a jami'a. A lokacin ina gidanmu a Tudun Wada, ana maganar aurena da Kabiru, sai wani mai buga littattafan yara a unguwar Kongo, Malam Tukur, ya ba ni aikin zana hotunan tsofaffin tatsuniyoyi, irin waɗanda kakanni ke yi wa jikoki. Akwai wata a ciki da yarinya da ƙaninta suka je rafi ɗiban ruwa, dodo ya tare su, suka zubar da tulu suka ranta a na kare.

Na ɗauka aikin mai sauƙi ne. Ashe kowa ya san dodo, amma ba wanda ya taɓa ganinsa. Na zana na farko, ya fito kamar rago mai ciwon haƙori. Na zana na biyu, ya fito kamar tsoho ya tashi daga barci yana neman buta. Da na kai wa Malam Tukur, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malama, wannan dodon naki tausayi yake ba ni. Ji nake kamar in raka shi asibiti." Ya juya shafi ya nuna yaran. "Waɗannan kuma ba gudun tsira suke yi ba. Kamar an aike su sayen gishiri ne."

Na dawo gida raina a ɓace, sai na tuna wani malaminmu da ke cewa abin da jikinka bai ji ba, hannunka ba zai zana shi ba. Nan take dabara ta faɗo mini (har yau ina ganin dabarar mai kyau ce, lokacin ne bai dace ba). Ni da kaina zan zama dodo. In razana Ummi da Sadik, 'ya'yan yayana, in ɗauki bidiyonsu a waya, in ga yadda yaro ke gudu in tsoro ya kama shi da gaske.

A Asabar ɗin da na tsayar don yin hakan ne kuma aka ce Hajiya Asabe za ta zo ganina bayan la'asar. Ita ce gwaggon Kabiru da ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsa, tsohuwar shugabar makaranta, wadda in ta ce a'a a danginsu magana ta mutu. Kabiru ya rubuta mata a saƙon waya cewa sana'ata zane, ita kuma ta karanta a matsayin zanen ɗaurawa, har ta yaba wai ya samo 'yar kasuwa mai neman na kanta. Shi kuma, don tsoro, bai gyara ba.

Da hantsi Mama ta tafi kasuwa sayen kaji. Na duba rana na ga la'asar da sauran nisa.

Na ɗauko tsohon baƙin bargo na lulluɓa tun daga ka. Na ɗaure tsintsiya biyu a kaina, suka tsaya kamar ƙaho. Na kankaro baƙin tukunya, na kwaɓa da man kaɗanya don ya yi sheƙi, na shafe fuskata har wuya. Na feƙe rogo na yi haƙora, na ɗaura cokula a yatsuna. Da na leƙa madubi ni kaina sai da na ja da baya, wani daɗi ya kama ni, har rawa na taka a ɗaki.

Yaran da suka gan ni, dariya suka yi har Sadik na birgima a ƙasa. Na ce ba haka za a yi ba. Na ba su bokiti na ce su fita waje su zagaya, su dawo kamar daga rafi suke, ba za su san inda zan ɓullo ba. Na kashe layin wayata don kada kira ya katse ɗaukar, na jingina ta a tagar zaure, na laɓe bayan ƙofa.

Bargo ya toshe mini kunne, ban ji sallama ba. Takun ƙafa kawai na ji. Na ja numfashi, na daka tsalle tsakiyar zaure, na ware cokulana, na saki muryar da ban san ina da ita ba: "Naman wa zan fara ci?"

Ba yara ba ne.

Mata biyu ne cikin leshi da manyan mayafai. Ta bayan, wadda daga baya na san Hajiya Ladi ce, ƙanwar Hajiya Asabe, ta watsar da farantin goro da alewa, ta juya ta fita da gudun da ban zaci shekarunta za su yarda da shi ba, takalmi ɗaya ya yi sama. Ta gaban kuwa, Hajiya Asabe, ko gezau. Ta kama a'uziyya da ƙarfi, ta ɗaga laimarta ta sauke mini a tsakanin tsintsiyoyin nan, ta ƙara, ta kuma ƙarawa. (Ashe suna da bikin suna a Tudun Jukun da yamma, shi ya sa suka ce bari su fara biyowa ta wurinmu. Sun kira Mama, wayarta na ɗaki tana caji.)

Ban san abin da ya kamata dodo ya yi a irin wannan hali ba, sai tarbiyya ta yi aikinta. Na durƙusa har ƙasa, cokula na ƙara, na ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Ina kwana?" Haƙorin rogo ɗaya ya faɗo ya gangara ya tsaya daidai ƙafarta.

Ta sauke laimar a hankali. Ta dube ni tun daga tsintsiya har ƙasa.

"Ke ce ta Kabiru?"

"Ni ce, Hajiya."

"Mai sayar da zanen?"

"Zanen hoto ne, Hajiya."

"To," in ji ta. Wannan "to" ɗin ya fi laimar zafi.

Daidai nan Mama ta shigo riƙe da kaji, tana jan hannun Hajiya Ladi da ta tsinta a bakin titi tana haki. Mama ta kalle ni, ta kalli goron da ya watse, ta rufe ido. Na ruga bayi. A nan na gano cewa baƙin tukunya in ya haɗu da man kaɗanya ba ya jin sabulu. Na cuɗa, na goge da soso har fuskata ta yi raɗaɗi, abin da na samu kawai shi ne na tashi daga baƙi na koma ruwan toka. Haka na sa atamfar da aka ɗinka mini musamman don ranar, na zo na zauna a gefen tabarma, kaina a ƙasa, ina lissafin yadda zan gaya wa ƙawayena an fasa.

Mama, baiwar Allah, tana son gyara magana, sai ta ce, "Wallahi Hajiya, ba kullum take haka ba."

Can Hajiya Asabe ta ce in yi mata bayani. Na faɗa mata komai, tun daga rago mai ciwon haƙori. Ta ce, "Wayar tana ɗauka lokacin da muka shigo?" Na ce e. Ta miƙo hannu.

Suka haɗa kai suna kallo. Da aka zo wurin da takalmin Hajiya Ladi ya tashi sama, na ga gefen bakin Hajiya Asabe ya motsa. Ta ce, "Mayar da shi baya." Na mayar. A karo na biyu kafaɗunta suka fara rawa. A na gaba ta kifa kai a cinyar ƙanwarta tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Ladi, ke da kike cewa gwiwa ta hana ki hawa bene?" Hajiya Ladi ta ce ita dai a goge abin nan, amma ita ma tana share ido da mayafi.

Da za su tafi, Hajiya Asabe ta tsaya a zaure ta ce wa Mama, "Yarinyar da za ta shafa baƙin tukunya don aikinta ya yi kyau ba raguwa ba ce. Sai dai a gaya mata, a gidanmu na Hanwa muna da masu hawan jini."

Ban goge bidiyon ba. Washegari na tsayar da shi daidai inda Hajiya Ladi ta juya, na ga abin da na yi ta nema: baki a buɗe, kafaɗa ta riga ƙafa yin gaba, hannu ɗaya na kare ƙeya. Haka na zana yarinyar rafi, har da takalmin a sama. Dodon kuma daga kaina na kwafo shi, tsintsiya ta zama gashi, cokula suka zama farata. Malam Tukur ya gani ya ce, "Yauwa. Ina kika samo wannan mummunar halitta?" Na ce a unguwarmu yake.

An yi biki. Littafi ya fito. Hajiya Ladi na ganin shafin ta gane kanta, yanzu ita ke nuna wa baƙi. Ni kuwa har yau in na shiga taron dangin mijina sai wani ya ce a ɓoye nama.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka razana mutum, ka fara leƙawa ka tabbata ba shi ne zai yanke hukuncin aurenka ba. In kuma ka riga ka daka tsallen, to Allah ya sa wayarka na ɗauka.