Dakta Heriberto, Mai Karanta Hauka a Fata

A duk faɗin birnin Medellín na ƙasar Kolombiya babu mai ido irin na Dakta Heriberto Zuluaga. Sauran likitocin ƙwaƙwalwa sai sun yi wata da watanni suna sauraron mutum, shi kuwa Allah ya hutar da shi wannan wahala. Cewa kawai zai yi ka naɗe hannun riga. Da ya ga zanen tawada a fatarka, ya gama gano ciwonka. In fure ne, kana ɓoye baƙin ciki. In maciji ne, ka tsani ubanka. Shi ya sa a gidan kula da tsofaffi inda muke aiki muke kiransa Na'urar Hoto, kuma ba a ɗaukar kowa aiki sai da sa hannunsa.

"Mai cikakken hankali," in ji shi, yana shafa baƙin gashinsa da kullum yake kamar yau aka yi masa aski, "ba ya bari a huda masa fata don ya burge jama'a. Shekara ashirin ina wannan bincike."

Ranar Talata Maryuri Ocampo ta zo neman aikin jinya. Da aiki a shagon zanen jiki ta ɗauki nauyin karatunta, wannan ce damarta ta farko. A wuyan hannunta akwai zanen ɗan tsuntsu. Ta ce bayan rasuwar yayanta ta shekara ba ta fita ɗaki, ta ga likita, ta warke, ta zana tsuntsun ranar da ta koma makaranta. Dakta bai saurara ba. Ya tara mu don mu ƙaru da ilimi, ya ɗaga hannunta sama kamar mai tallan kifi. Wallahi ni na ji masa kunya.

"Ku duba da kyau. Ba zan damƙa tsofaffinmu a wannan hannu ba." Ya zaro biro zai soke takardarta.

Maryuri ta ƙura wa kansa ido, ta yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji.

"Dakta, ba ka gane ni ba ne, a lokacin akwai takunkumi a fuskata. Ni na ɗiga maka gashin nan da tawada a kan sanƙonka, zama uku, kana hawaye. Ka koma a gyara maka, gefen hagu ya fara zama kore."

Duk muka kalli gefen hagu.

Ranar Litinin Maryuri ta fara aiki. Dakta kuwa tun daga wannan rana, da hula yake zuwa ofis. Wai sabon bincikensa ya nuna rana tana taɓa ƙwaƙwalwa.